Jiƙon Tasalla

Kwalba na je saya a Sabon Gari,
ta zuba man ja, ba wani abu ba.
Jatau mai tsofaffin kwalabe ya baje su kan buhu,
ya ce, "Zaɓi, Hajiya, uku ɗari biyar."
Na ɗauki wata koriya mai dogon wuya,
na murɗe murfin in duba ko bakin ya tsage,
sai ƙamshi ya mare ni.

Ba na shan abin da aka sha a cikinta,
Allah shi ne shaida.
An ce hanci bai san daɗin gishiri ba,
amma ya san hanyar gidansu.

Tazargade ce. Ko a mafarki na san tazargade.
Ga ɓawon lemu da ya sha rana a kan kwano,
ga kanumfari can ƙasa-ƙasa, yana magana a hankali,
sai wani ɗaci baƙo, ban san sunan ubansa ba,
kamar saiwar da aka tono a garin da ruwa ke daskarewa.

Ɗana Nafi'u ya juya takardar jikinta, ya karanta,
ya rage murya: "Umma, giyar Turai ce fa.
Wai kafin cin abinci ake kurɓa,
don ta buɗe ciki."
Na yi dariya har mai lemun gefe ya waiwayo.

Buɗe ciki!
Ina ma Tasalla na raye ta ji.

Kakata ce, a Kusfa, ɗaki na ƙarshe kafin rijiya.
Tana da ɗan tulu a bayan randa
wanda ko kaza ba ta kusanta.
Ɓawon maɗaci take jiƙawa tun daren Laraba,
ta fasa kimba biyu da ɗan dutsen niƙa,
citta, masoro, tazargade cikin tafin hannu,
tsamiya kaɗan, wai don a lallashi harshe.
Ranar Juma'a ruwan ya koma kalar tsohuwar ƙofa.

In zazzaɓi ya gama da ni ya tafi,
tuwo ya zame mini ƙasa a baki,
sai ta matse ni tsakanin gwiwoyinta,
ta toshe mini hanci, ta ɗaga ludayi.
"Haɗiye, ja'ira. Ɗaci ba ya kisa.
Zaƙi ne ke kashe mutum yana murmushi."
In yi kuka, in tofar, in ce na daina zuwa ɗakinta.
Kafin la'asar ina siɗe kwanon miyar kuka
ina leƙen tukunya.

Ba ta taɓa awo ba.
Mun tambaye ta, ta ce hannu ne ya sani.
Hannun kuwa muka rufe shi da ƙasa
a daminar da katangar gidanmu ta faɗi,
babu wanda ya tuna da tulun
sai da ya bushe.

Na kawo kwalbar gida.
Na wanke da toka, na wanke da ruwan zafi, sau uku,
na kife ta a rana.
Har yanzu in ka kai hanci, tana raɗa.
Man ja dai bai shige ta ba.

Asabar na shiga kasuwar birni, layin masu saiwoyi,
na sayi duk abin da na iya tunawa.
Na jiƙa. Na jira kwana biyu.
Ɗacin ya fito, amma shi kaɗai ya zo,
kamar baƙon da bai kawo saƙon gida ba.
Akwai abin da ta ke jefawa in mun juya baya.
Ko sabara ce, ko addu'a, oho.

Nafi'u ya kurɓa, ya yamutsa fuska,
ya ce wannan ai hukunci ne.
Na yi shiru ina kwashe shinkafa.
Can na ji ƙarar murfin tukunya.