Gurbi Ɗaya a Tashar Vigo

Ƙarfe tara na dare, ruwa na dukan tagar ofis.
Uxía ta tambayi rumbun bayanai:
cikin jiragen kamun kifin da suka fita da asuba,
wanne ne ba ya cikin waɗanda suka dawo?

Allo ya fito fari fat.

Saura kaɗan ta kashe fitila,
sai dai igiyar jirgin Xurxo na can a nannaɗe bakin gaɓa,
ba ta ɗaure komai ba.

Ta bi teburin masu dawowa, layi-layi.
A na talatin da bakwai wani ya sa lokacin isowa,
ya bar lambar jirgi. NULL.

Wannan gurbi ba sifili ba ne,
"ban sani ba" ne.
Na'ura ta gwada kowane jirgi da shi:
kai ne ka dawo ba suna? Wataƙila.
Abin da ba ta iya rantsuwa a kai
sai ta haɗiye shi.

Uxía ta tsame gurbin, ta sake tambaya.
Sunaye biyu suka fito.
Ɗayansu ƙila yana gida yana shan miya.

Waya na hannunta,
ba ta san ƙofar wa za ta fara tayarwa ba.