Darasin Ƙarfe Ɗayan Dare

Ƙarfe ɗaya saura kwata, Hotoro ta yi tsit,
sai janaretan maƙwabci yana tari kamar tsoho.
Ina kan tabarma, kwamfuta a cinya,
shayin da na haɗa tun isha ya huce, ya yi fata.

Can inda malamin yake, rana ba ta faɗi ba.
Ya sha kwat, ya gyara murya, yana murmushi.
Ni kuwa warin albasa bai bar hannuna ba,
na rufe kyamara kada ya ga ɗankwali a karkace.
Yana cewa jari, riba, bashi, kasada,
ina rubutawa a littafin da Siyama ta zana wa kyanwa
mai ƙafa biyar.

Da safe ni ce akawu a kamfanin roba a Sharaɗa.
Wata ya ƙare, manaja yana huci,
mutum ɗari da arba'in suna jiran albashi,
kowa ya riga ya auna shinkafarsa a zuci.
Sifili ɗaya in ya kuɓuce mini,
gida nawa ne ba za a ɗora tukunya ba?

Babi na shida a adaidaita na karanta shi,
tsakanin Dangi da cunkoson yamma,
direba yana zagin wanda ya sha gabansa,
wata baiwar Allah ta ɗora mini kwandon tumatir a gwiwa.
Na isa gida da rabin babi
da jan tabo a siket.

Ranar Juma'a na je Fagge gaida Inna.
Shekara talatin tana matsar man gyaɗa,
ba ta taɓa riƙe biro ba, ba ta taɓa manta kwabo ba.
Ta ce, me suke koya miki a cikin akwatin nan?
Na ce, yadda kuɗi ke shiga, yadda yake fita.
Ta yi dariya har ta dafe bango:
Ki ci 'ya, ki bar uwa.
Kada ki ba dangi bashi da ƙulli-ƙulli a wuta.
To, nawa suka karɓa?
Na sunkuyar da kai, na ce garin akwai zafi.

Tijjani bai taɓa ce mini bari ba.
Ya koyi kitso biyu, duka a karkace,
ya koyi dafa taliya, gishiri ne dai ba ya ji.
Amma wani dare da na shigo ɗaki
ya ce, baƙuwa, sannu da zuwa, daga wane gari?
Na yi dariya.
Daga baya, a banɗaki, ba dariyar na yi ba.

Daren jarrabawa Huzaifa ya tashi da zazzaɓi.
Hannu ɗaya a goshinsa da tsumma mai sanyi,
ɗayan yana raba kadara da bashi.
Aka ɗauke wuta.
Saura minti bakwai data ta ƙare.
Tijjani ya farka, bai ce uffan ba,
ya jona ni da wayarsa, ya karɓi yaron ya saɓa a kafaɗa.
Ɗan da'irar nan tana juyawa, tana juyawa,
ni ina salati, ina salati,
har ta tsaya.
Ladanin bayan layinmu yana gwada lasifika.

Hamsin da takwas na samu.
Ba yabo, ba fallasa.

Siyama ta leƙa allon ta ce,
Umma, ke ma ana dukanki in ba ki yi aikin gida ba?
Na ce a'a.
Ta ce, to me ya sa kike yi?

Ban ba ta amsa ba, wake nake jiƙawa.
Saura zango uku.
Na saita ƙararrawa ƙarfe huɗu da rabi,
na mayar da ita biyar,
na sake mayar da ita huɗu da rabi.