Majigi Biyu a Tromso

Majigi biyu Sindre ya aro daga kanti,
ya jera su kan teburin cin abinci.
Na farko haskensa har tsokane ido yake,
amma darensa toka-toka, kamar baƙin da ya sha wanki.
Na biyu ba shi da hayaniya,
baƙinsa kuwa rijiya.

Ragnhild ta ce, "Ka manta Yuni?
Rana ba ta faɗuwa a garin nan."

Sai suka saka tsohon bidiyon mahaifinta
yana gyaran koma a bakin teku.
Na farko ya mai da fuskarsa ja kamar gauta.
Na biyu ya bar masa ɗan tabon nan na haɓa.

Ba ta ce uffan ba.
Washegari ta sayo labule mai kauri.