Mai Guduma a Itoikin

Ni ɗan Kwatarkwashi ne, inda dutse ba ya ɓuya.
Ka buɗe ƙofa, ga shi tsaye a kanka,
shaho na kewaya ƙeyarsa.
Nan Legas kuwa sai an yi masa sallama,
an kasa kunne, an jira.

Tun asuba muka ja waya a bakin ruwa,
kunnuwan ƙarfe ashirin da huɗu,
kowanne mun soka shi cikin taɓo,
taku biyar tsakani.
Injiniya Morenike ta zauna kan jarka,
na'ura a cinya,
ta ɗaga hannu.
Mai kwalekwale ya kashe inji.
Har Sallau ya haɗiye tarinsa.

Sannan ni.
Guduma ta hau, ta sauka kan farantin ƙarfe.

Ƙarar ta nutse kamar guga a rijiya,
ta ratsa yashi tana jan ƙafa,
ta ratsa laka.
In ta tarar da dutse, in ji injiniya, sai ta zabura,
ta dawo da labari da wuri.
In ta makara, cikin ƙasar lugub yake.

Sau bakwai na buga, kafaɗa ta yi tsami,
sauro na cin rabonsa a wuyana.
Ta juyo mini da allon:
layuka masu karkarwa, kamar zanen yaro.
Su ban iya karanta su ba.
Fuskarta na karanta.

Da la'asar ɗan kwangila ya iso,
takalminsa bai san taɓo ba.
Ya ce a rubuta dutse a mita goma.
Ta ce ƙasa ba haka ta faɗa ba.
Ya ce ƙasa ba ta sa hannu a takarda.
Sai ta nuna masa gangare:
rufin kwano, taru a shanye,
wata tsohuwa na banda kifi,
yara biyu na rigima kan taya.
Ta ce, ruwan da za ka tare,
a kan waɗannan zai riƙa kwana.

Ya tafi bai yi sallama ba.
Muka naɗe waya, muka wanke kunnuwan ɗaya-ɗaya.
Gobe za mu matsa gaba mu sake tambaya.

Da dare Inna ta kira,
ta ce wai ni wane irin aiki nake yi a Ikko.
Na ce ƙofa nake ƙwanƙwasawa.
Ta ce, ana amsawa?
Na ce ana amsawa, Inna,
ba dai abin da masu gida suke son ji ba.