Kwalbar da Ke Tafasa Ba Wuta

A garin Puno iska ba ta ƙosar da kowa,
baƙo in ya sauka daga mota sai ya dafa bango.
Mu da aka haifa a bakin Titikaka mun saba,
ƙirjinmu ya buɗe tun muna goye.
Amma ke kin iso da saura wata biyu,
bakwaini, ko nauyin kifi uku na kasuwar asuba ba ki kai ba.

Ƙirjinki yana lotsawa duk sanda kika ja,
haƙarƙari a fili, ana iya ƙirgawa,
ga wani nishi siriri a wutsiyar kowane numfashi.
Hilariya tana can ɗakin haihuwa, ba ta farfaɗo ba tukuna.
Ni kaɗai a bayan gilashi
ina murɗa hulata kamar ita ta yi laifin.

Na zaci za su tura miki bututu har maƙogwaro.
Zenobiya, mai jinyar dare, ta girgiza kai.
Ta ce, "Da kanta za ta yi numfashinta.
Namu kawai mu riƙe mata ƙofa kada ta rufe."
Ta kawo 'yan hancin roba guda biyu masu taushi,
ta ɗora a bakin hancinki,
ta ja tiyo zuwa wata kwalba mai rabin ruwa.
Ruwan ya fara ɓulɓula.

Na ce, wa ya hura wuta a ƙarƙashi?
Ta yi dariya ba sauti.
Ta ce huhun bakwaini kamar sabuwar balan-balan yake,
hurin farko ne mai wuya,
in an bar 'yar iska a ciki ba ya mannewa.
Zurfin tiyo a ruwa shi ne awo.
Ta nuna mini layi na biyar da farcenta.

Ni masunci ne, na san kumfa.
Na san wadda ke tasowa in kifi ya juya a gindin ciyawa,
na san wadda ke tasowa in kwalekwale ya ɓule.
Wannan ban taɓa ganin irinta ba,
kumfar da ake roƙon kada ta kwanta.

Hular asibiti ta yi miki yawa, tiyo yana zamewa.
Kakarki Fortunata ta zauna a benci da zaren gashin alfaka,
ta ciro dankali guda daga mayafinta,
ta dube ki, ta dube shi, ta ce daidai ne.
A kansa ta gwada saƙar.
Kafin gari ya waye kin sami hula ja mai kunne biyu.

Dare na huɗu kwalbar ta yi shiru.
Cikina ya ɗuri ruwa, ƙafata ta ƙi ɗaukata.
Zenobiya ta zo ba gudu,
ta ga bakinki a buɗe, iska na tsiyaya,
ta sa yatsa ɗaya a haɓarki ta ɗaga.
Ɓul. Ɓul. Ɓulɓul.
Yatsa ɗaya, jama'a.
Na fita waje na yi kuka a gaban mai sayar da shayi.

Ran kwana goma sha tara suka zare tiyon.
An kwantar da ke a ƙirjin Hilariya, fata da fata,
shatin roba bai gama baje a hancinki ba.
Shirun ɗakin ya ba ni tsoro.
Na kai kunne kusa,
kusa sosai,
sai na ji wani ɗan abu yana shiga yana fita
ba ya neman izinin kowa.

Yau na koma ruwa, sanyi na cizon yatsu.
Na jefa taru, na zauna.
Can gefen ciyawa kumfa ta taso,
na tsaya ina ƙirga ta
har kifin ya wuce.