Layi na Bakwai

Layi bakwai na inabi na dasa a bayan Ƙofar Ruwa.
Shida sun hau rumfa, sun zubo nonna,
na bakwai ya tsaya kamar wanda ake bi bashi.
Ganyensa na ƙonewa ta gefe-gefe.
Na ba shi ruwan rijiya safe da yamma,
har kashin tattabaru na auno masa a kwano.
Shekara uku. Ko ɗan tsami bai ba ni ba.

Sai Barira, 'yar ƙanwata, ta zo hutun jami'a
da akwati mai batir da turakun ƙarfe huɗu.
Ta ce, "Kawu, ƙasa za mu yi wa tambaya."
Na ce, "Da wane baki?"
Ta ce, "Da lantarki.
Rairayi rowa gare shi, ba ya barin wuta ta wuce,
laka tana ba ta hanya,
gishiri kuwa har rakiya yake yi mata."

Taku biyar, ta kafa. Taku biyar, ta rubuta.
Ni ke jan waya a baya kamar akuyar sayarwa,
maƙwabcina Tanimu mai latas na leƙe ta kan shinge,
yana tambaya ko fetur muke nema.

Da la'asar ta juyo mini fuskar kwamfuta.
Lambuna ne, amma an tuɓe masa riga:
gabas rawaya, tsakiya kore,
can yamma, ƙarƙashin layin da ya ƙi ni,
jajayen ƙawanya guda tara
a jere, kamar bakin tulu.
Ta ce, "Gishiri ba ya zana da'ira haka kawai.
Kawu, me aka binne a nan?"

Ban amsa ba. Na ɗauko shebur.

Kamu biyu ƙasar ta canza magana,
ta koma toka, ta koma katsi,
sannan wani shuɗi ya fito
wanda na sani tun ban san sunansa ba,
a faratan kakana, lokacin da yake gutsuro mini tuwo.
Ashe karofinsa ne.
An cike ramukan kafin a yi mini kaciya,
aka ce rini ya mutu, kowa ya kama kasuwa.

Barira na lissafin ruwan da zai wanke kanwar,
damina nawa, magudana ta ina.
Ta ce ko a tone a zubo sabuwar ƙasa,
tifa huɗu ta isa.

Na ce a bari tukuna.

Na cire inabin, na mai da shi gabas inda rawaya take.
Wajen nan kuwa ban shuka komai ba.
Tanimu ya ce asarar fili ce.
Wataƙila.
Amma idan na yi ban ruwa da magariba,
nan ne ƙasa ke fara yin duhu,
tara, a jere,
ni kuma in wanke hannuna in daɗe ina duban faratan.