Alli Mai Zagayawa

A layin fansho muka fara, ba a aji ba.
Gaban baitulmalin Tawa, rana ta take,
takardu a hannu, gwiwoyi na kuka,
kuɗin ba su iso daga Yamai ba.
Nomau, da ya tsufa yana yi wa shanu allura,
ya tsuguna ya ja zane da sandarsa
yana nuna wa Bizo inda ciwon huhu ke kama saniya.
Bizo ya ce, “To bari in gaya maka
abin da ke sa mota tari da asuba.”
Har mai gadi ya ja ƙofa ba mu sani ba.

Da Laraba ta kewayo muka sake haɗuwa,
tabarma biyu, butar shayi,
inuwar bedi a ƙofar gidan Arzika.
Allonmu murfin tsohuwar mota ne da aka shafa wa baƙi.
Doka ɗaya: wanda alli ke hannunsa shi ne malam
har a sha kofi na uku.

Wannan doka ta ƙona Tsahiru.
Shekara ashirin yana darektan lakwal,
in ya yi gyaran murya yara na shanye numfashi,
ga shi zaune gaban Gado mai haƙar rijiya
wanda ko sunansa bai iya rubutawa,
yana koyon ɗanɗana ƙasa a harshe
don sanin gaba nawa ya rage a cim ma ruwa.
Ya tofar, ya ce, “Sake nuna mini.”

Sahiya ta zo a shekara ta uku.
Muka yi ta kallon juna.
Ta ce, “Rabin ƴaƴanku a hannuna suka yi kukan fari,
ku matsa.”
Muka matsa.

An yi shekarar rigima kuma, ba zan ɓoye ba:
wasu na son shugaba da hatimi da takardar hukuma.
Wata biyu ba gaisuwa.
Amma allo na gidan Arzika, buta na hannun Bizo,
kuma Laraba ba ta fasa zuwa.

Ni ke riƙe da littafin.
Ni mai raba wasiƙu, da na ɗauka ban san kome ba
sai ƙofofin mutane da halin karnukansu,
har ranar da suka sa ni jero tsoffin sunayen unguwanni
Gado ya goge ido da hularsa.

Shafi na tara: Nomau, bayan sallar layya.
Shafi na sha huɗu: Arzika. Ɗansa ya bar mana inuwar.

Jiya wani sabo ya zo, jandarma,
takalminsa bai ma san an sallame shi ba.
Ya tsaya ƙyam yana tambayar wane ne babba.
Sahiya ta miƙa masa guntun alli,
ta ce, “Shayi na wuta. Me ka sani?”